Yadda ake sa rimot na gama-gari ya buɗe kafar HDMI kai tsaye

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Muna da talabijin ƙirar LG a falo, na haɗa masa dikodar DStv a kafar HDMI 1, dikodar tashoshin kyauta a HDMI 2, da na'urar wasan yara a HDMI 3. Rimot ɗinsa na asali ya lalace, sai na sayo na gama-gari a kasuwa. Yana kunnawa, yana ƙara sauti, amma idan za a sauya daga wata dikoda zuwa wata sai an danna Input, a bi jerin da kibiya, sannan a danna OK. Mahaifina ya manyanta, ba ya ganin ƙananan rubutu, kullum sai ya maƙale a allon da babu hoto. Shin akwai hanyar da maɓalli ɗaya zai kai shi dikodar da yake so kai tsaye? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka maka da alheri kan wannan kulawa. Abin da kake nema yana yiwuwa, kuma ka yi sa'a da talabijin ɗinka na LG ne, amma sai sharuɗɗa biyu sun cika: talabijin ya san umarnin da ke buɗe kowace kafa ita kaɗai, rimot kuma ya zama irin wanda za a iya cusa masa wannan umarni. Yawancin mutane suna farawa da sayen sabon rimot, alhali sharaɗi na farko ya kamata a fara bincikawa.

Rimot yana magana da talabijin ne da hasken infared wanda ido ba ya gani, yana kunna shi yana kashewa cikin tsananin sauri. LG yana amfani da tsarin da ake kira NEC, inda hasken ke bugawa sau 38,000 a daƙiƙa, kowane saƙo kuma yana ɗauke da adireshin na'urar da lambar umarni. Lambar nan mai alƙaluma uku ko huɗu da ka shigar ranar da ka saita rimot ɗin ba ta yi komai ba illa zaɓar jerin umarnin LG daga ma'ajiyarsa, kuma jerin da ke cikin rimot mai araha ya tsaya ne a kan maɓallan yau da kullum. Maɓallin Input ba ya nufin wata kafa ta musamman, ma'anarsa kawai a fito da jeri ko a matsa gaba. Kamar fasinja ne ya ce wa direba ya sauke shi a tasha ta gaba, inda zai sauka ya danganta da inda motar take a lokacin. Rimot kuwa bai san inda talabijin yake ba, domin aikawa kawai yake yi, babu amsar da ke dawo masa.

Sai dai talabijin ya san umarni fiye da maɓallan da ke jikin rimot ɗinsa. Kamfanoni suna ajiye wasu lambobi saboda masu haɗa na'urori a otel-otel da ɗakunan taro, kowace lamba aiki ɗaya tak take yi, ko sau goma aka aika ta. LG ya buga jadawalinsu a ƙarshen littafin jagora na samfura da dama. A jadawalin, adireshin talabijin shi ne 04, HDMI 1 lambarta CE, HDMI 2 lambarta CC, HDMI 3 lambarta E9, HDMI 4 kuma DA. Haruffan da ka gani a ciki ƙidaya ce irin ta kwamfuta mai tushe 16, ba kuskuren bugu ba ne. Akwai ma C4 mai kunnawa kawai da C5 mai kashewa kawai, waɗanda ke da amfani ga dattijon da kan danna maɓallin wuta sau biyu. Samsung da Sony su ma suna da nasu lambobin, amma ba kowane samfuri ne ke amsa su ba, a cikin talabijin masu sauƙin kuɗi kuwa da yawa ba a sa musu irin wannan umarni ba tun daga masana'anta.

Saboda haka ka gwada kafin ka kashe ko sisi. Wayoyin Redmi da yawa suna da ƙaramin idon infared a samansu, idan ba ka da ita ka ara ta ɗan lokaci. Ka sa mata manhajar irplus, wadda ke karɓar lambobi a tsarin Pronto, tsarin da ya samo sunansa daga wani rimot da Philips ya fitar a 1998. Za ka gane shi da dogon layin alƙaluma huɗu-huɗu, na LG kuma yana farawa da 0000 006D. Ka nema a intanet da kalmomin LG discrete HDMI Pronto tare da lambar samfurin da ke bayan talabijin ɗinka. Ka ajiye talabijin a HDMI 1, ka aika lambar HDMI 2. Idan hoto ya sauya nan take ba tare da jeri ya fito ba, rabin aiki ya ƙare.

Saura rimot. Idan wanda ka sayo ba shi da fasahar koyo, wato ɗaukar umarni daga wani rimot, babu yadda za a yi da shi, kada ka ɓata lokacinka wajen gwada lambobin saiti ɗaya bayan ɗaya. Ka nemi mai koyo, ana rubuta Learning a jikin kwalinsa. A samfuran rimot na kamfanin One For All da yawa, ana danne maɓallin Magic har fitila ta ƙifta sau biyu, a shigar da 975, a danna maɓallin da zai riƙe sabon umarnin, sannan a aika umarnin daga wayar tana fuskantar kan rimot ɗin da tazarar santimita 3 zuwa 5. Ƙiftawa biyu alama ce ya karɓa. Ka yi wannan da sabon batir, kuma nesa da hasken rana, domin rana tana ɗauke da infared mai yawa wanda ke gurɓata koyon. Waɗannan rimot suna da wata hanyar ta lambar 994, wadda ke karɓar lamba mai alƙaluma biyar ba tare da waya ba, amma lambar ba ita ce ta jadawalin LG ba, daga sashen kula da masu saye na kamfanin ake samunta. Ka duba takardar naka samfurin, saboda matakan kan bambanta kaɗan.

Ina ba ka shawara ka zaɓi maɓallan nan masu launi, ja ga DStv, kore ga dikodar kyauta, ruwan ɗorawa ga na'urar wasa, tunda launi ya fi rubutu sauƙin gani ga Baba. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe: umarnin da ka koya wa rimot yana zama ne a yanayin da yake kai a lokacin koyon, wato na'urar da aka zaɓa ya sarrafa, TV ko dikoda. Idan ka koya shi a yanayin TV kaɗai, Baba kuma yana yanayin dikoda yana sauya tasha, jan maɓallin zai aika wa dikoda saƙo ne, talabijin ba zai motsa ba. Ka maimaita koyon a kowane yanayi da ake amfani da shi a gidan.

Rimot ɗin Harmony na Logitech ya yi suna a wannan aiki saboda rumbunsa yana ɗauke da irin waɗannan lambobi, amma kamfanin ya daina ƙera shi a 2021, sai na hannu ake samu. Rimot ɗin SofaBaton yana yin makamancin aikin ta hanyar manhajar waya. BroadLink RM4 kuwa, ƙaramin akwati mai aika infared, da waya da intanet na gida ake sarrafa shi, ban ga ya dace da dattijon da ke son maɓalli a hannunsa ba.

Idan talabijin ya ƙi amsa lambar kai tsaye, wasu za su ce ka jera umarni a maɓalli ɗaya, wato Input, kibiya sau biyu, sai OK, abin da One For All ke yi da lambar 995. Ba na son wannan hanya. Jerin yana tafiya ne a makance, idan talabijin bai fara daga inda aka zata ba, ko aka dawo da wuta bai gama tashi ba ya rasa bugu ɗaya, sai a ƙare a kafar da babu komai, matsalar da muke gudu ke nan. Idan dole ne, a fara jerin da maɓallin da ke mayar da talabijin tashar eriya, domin ƙidayar ta tashi daga wuri ɗaya a kullum.

Akwai kuma fasahar HDMI-CEC, wadda LG ke kira SimpLink, Samsung ke kira Anynet+, Sony kuma Bravia Sync. Da ita, na'urar da aka kunna tana umartar talabijin ta cikin wayar HDMI ya koma kafarta. Tana aiki da kyau da PlayStation, sai dai dikodoji da yawa ba su da ita, a gidan da wuta ke yawan ɗaukewa kuma na'urori kan tashi tare, talabijin ya bi wadda ta yi magana a ƙarshe.

Mafita mafi tabbas a irin wannan hali ita ce ƙaramin akwatin sauya HDMI mai kafa uku da ɗan rimot ɗinsa mai maɓallan 1, 2 da 3. Na'urorin duka su shiga akwatin, waya ɗaya ta fita zuwa HDMI 1, talabijin ya zauna a nan har abada. Maɓallan ɗan rimot ɗin kowanne kafa ɗaya yake buɗewa, kuma rimot mai koyo zai ɗauke su cikin minti kaɗan ba tare da waya ko manhaja ba. Wajen saye ka tabbatar yana ɗaukar 4K idan talabijin ɗinka na 4K ne, ka fifita wanda ake iya kashe masa sauyawa da kansa, sannan ka ajiye shi a gaba inda idonsa ke kallon kujerar Baba, ba a bayan talabijin cikin wayoyi ba.