Tambaya da Amsa: Idan x Ta Bayyana a Ɓangarori Biyu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na ƙaramar sakandare a Katsina. An ba mu wannan lissafi: 5x − 4 = 2x + 11. An koya mana cewa duk abin da ya tsallake alamar daidai sai alamarsa ta canza, amma nakan rikice har amsata ta fito ba daidai ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ina roƙonki ki ajiye batun tsallakewa tukuna, domin haddace shi ba tare da sanin dalilinsa ba ne yake rikita ɗalibai, kuma abin yana damuna matuƙa. Ki ɗauki alamar daidai tamkar sikeli mai faranti biyu da ya tsaya cif. Duk abin da kika ɗebe ko kika ƙara a faranti ɗaya, wajibi ne ki yi kamarsa a ɗayan.

Ki fara da tara x wuri guda. Tunda 2x ta fi 5x ƙanƙanta, ita za ki ɗebe daga kowane ɓangare, saboda hakan yana tsare ki daga lamba mai alamar ragi a gaban x, wadda a nan ne kuskure ya fi aukuwa. Abin da ya rage shi ne 3x − 4 = 11. Sai ki ƙara 4 a hagu da dama, ki sami 3x = 15, sannan ki raba kowane ɓangare da 3, ki ga x = 5.

Kada ki miƙa takardarki sai kin gwada amsar. A hagu, 5 sau 5 a ɗebe 4 ya ba da 21. A dama kuma, 2 sau 5 a ƙara 11 shi ma 21 ne.

Waɗannan matakai su ne masanin lissafi Alkawarizmi ya bayyana a Bagadaza wajen shekarar 820. Ƙara abu a ɓangarori biyu don cike wanda aka rage ya kira shi aljabru, inda aka samo kalmar aljabara, ɗebe abu iri ɗaya daga ɓangarorin kuwa almuƙabala.

Wani lokaci x takan ɓace baki ɗaya, kamar a 2x + 3 = 2x + 7, inda za a bar ki da 3 = 7. Tunda hakan ba zai yiwu ba, sai ki rubuta cewa babu wata lamba da za ta daidaita wannan lissafi.