Amsa ga mai tambaya kan hoton duwatsun hamada da na bakin kogi

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na ga tambayarka: za ka raka masu kaya zuwa Agadas, daga baya ka wuce Yamai, kana son hotuna irin na jajayen kwazazzabai da kake gani a intanet, amma naka kullum fari fat suke fitowa, har kana tunanin sayen sabuwar kamara. Riƙe kuɗinka tukuna. Wayar da ke hannunka za ta yi, lokacin ɗauka ne ya kamata ka sauya.

Dutsen nan asalinsa yashi ne da ya daskare, tsatsar ƙarfen da ke cikinsa ita ke ba shi ja. Jan kuwa sai rana ta doke shi daga gefe yake fitowa. Daga hantsi zuwa bayan azahar rana na bisa kai, ba inuwa, dutse ya koɗe, sama ta yi fari. Matafiyi kuma a lokacin ne mota ke tsayawa, shi ya sa yawancin hotunan hanya ba su da rai. Ni idan zan bi ta gangaren Tigidit, wanda ake ratsawa kudu da Agadas bayan an wuce Adarbisanat, tun daga tasha nake lissafin ko za mu iske shi da sassafe ko da la'asar sakaliya. Idan lissafi bai yi ba, kallo kawai nake yi, in bar wayar a aljihu.

Cikin kwazazzabo mai matsi lamarin daban ne, kuma nan mutane suka fi ruɗewa. Da sassafe cikinsa duhu ne. Abin da kake jira shi ne rana ta hau ta doki bango ɗaya, hasken ya dawo kan ɗayan da ke inuwa. Wannan bangon na inuwa shi za ka ɗauka, zai yi ja kamar garwashi. Kada ka bar sama ta shigo hoton ko kaɗan, da ta shigo kamara za ta rikice, ko sama ta ƙone ko dutse ya yi baƙi. Taɓa allon wayar a wurin da ya fi haske, ka ja hasken ƙasa kaɗan, ka jingina gwiwar hannunka da dutse don kada ka girgiza. Hotunan da kake gani ɗin, yawancinsu na kwazazzabon Antelope ne a jihar Arizona ta Amurka, ƙasar ƙabilar Nabaho, kuma da irin wannan haske ake ɗaukarsu.

Abin da ke ci mini rai shi ne yaranmu sun san na Amurka, ba su san na kusa da su ba. Tsaunin Jado a arewa maso gabashin Nijar dutsen yashi ne, ga kangon tsofaffin garuruwa a gindinsa. Tsaunin Enedi a Cadi ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2016, can ne ruwan Arshe yake, inda raƙuma ke shiga sha tsakanin dogayen bangaye. Tasili ta wajen Janet a Aljeriya tun 1982 take cikin jerin. A Dabus, arewa da Agadas ta hanyar Arlit, akwai raƙuman dawa waɗanda mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5. Wannan zane da tsakar rana da ƙyar ido ke rarrabe shi, amma da haske ya zo ta gefe kowane layi sai ya tashi. Don Allah kada ka taka shi, kada ka zuba masa ruwa wai don ya fito. Duwatsun Abzin kuwa, wajen Timiya, galibi masu duhu ne, kada ka sa ran ja a can. Koren lambuna a gindin baƙin dutse shi ne kyawunsu.

Ka riƙa sa mutum ko raƙumi a gindin dutse. In babu, mai kallo ba zai san ko tsauni ne ko suri ba. Amma ka yi sallama ka nemi izini, musamman a rijiya da wurin mata.

Kogin Kwara a Yamai kala biyu gare shi. A Agusta da Satumba ruwan ja ne, laka ce da rafukan yamma irin su Sirba ke kwasowa. Wajen Disamba zuwa Janairu ruwan da ya taso daga ƙasar Gini ke isowa, kogi ya cika, ya fi tsabta, ya fi ɗaukar hoton sama. Na fi son na biyun. Ka je tun bayan sallar asuba kafin iska ta taso, ka durƙusa daf da ruwa, ka jira kwalekwale ya shigo inda hasken yake. Da yamma ka fuskanci rana, masunta su fito baƙi a kan ruwa mai ƙyalli. Hazon hunturu da ke ɓata hoton tsauni mai nisa, a bakin kogi taimako yake yi, don yana tausasa rana har ka iya kallonta. Ka daidaita layin ruwa, kogi ba ya karkata. Gada, bariki da shingen jami'an tsaro, kada ma ka ɗaga waya a wajensu.

Maganar da ta fi duka nauyi: ruwan kwari. A damina kada ka kwana ko ka daɗe cikin busasshiyar ƙorama, ko da samanka garau take. Ruwa na sauka can nesa kan duwatsu, ya iso ba sallama. A Antelope ɗin nan haka ya kashe mutum 11 a 1997, kuma kowa ya tuna yadda ƙoramar Telwa ta afka wa Agadas a Satumban 2009. Halin tsaro ma ka san shi, ba ko'ina ake shiga yanzu ba. Ka bi maganar hukuma da ta 'yan gari, kada ka ware daga ayari saboda hoto.

Ƙura kuma ita ce abokiyar gaba. Ka sa wayar cikin leda mai rufi, ka hure idon kamara kafin ka goge, don yashi yana karce gilashi. Kada ka bar ta kan gaban mota a rana, ka tafi da batirin caji.

Kafin tafiyar, hau babur ka je bakin Gulbin Maradi inda ruwa ya zaizaye gaɓa, ko tafkin Madarunfa. Zaɓi wuri ɗaya ka ɗauke shi da asuba, da azahar, da gab da magariba, ba tare da ka sauya matsayi ba. Turo mana su nan mu duba tare, sai in nuna maka inda za ka gyara. Allah ya kai ku lafiya.