Amsoshin Wasiƙunku: Aikin Sa Kai a Gidajen Dabbobi na Ƙasashen Waje

Wasiƙun da suka iso mini a wannan mako sun karkata ne ga magana ɗaya, wato tafiya wata ƙasa domin taimakawa a gidajen da ake kula da dabbobin da aka yasar ko aka ceto. Na zaɓi biyar daga ciki, na kuma taƙaita su saboda wuri.

Wani mai karatu ya ce zai je Ingila hutun wata biyu, yana so ya cike kwanakinsa da aikin sa kai a gidan karnuka da kyanwoyi, yana tambaya ko bizar ziyara ta wadatar.

Malam, ba ta wadatar da wata biyu ba. Bizar ziyara ta Ingila ta ba ka damar aikin sa kai na kwana 30 ne kawai, shi ma sai a ƙungiyar agaji mai rajista. Abin da ya wuce haka yana buƙatar bizar ma'aikacin agaji, wadda take kai wa wata 12, kuma sai ƙungiyar ta ba ka takardar ɗaukar nauyi kafin ka nema. Kowace ƙasa da dokarta. A Tailan aikin da ba a biya ma aiki ne a wurin hukuma, yana da bizarsa da izininsa. Ka rubuta wa gidan tun kafin ka yanki tikiti, domin manyan gidaje irin Battersea na Landan, wanda aka kafa a 1860, sun fi buƙatar mazauna gari da za su riƙa zuwa mako-mako na tsawon lokaci. Kuma duk abin da jami'in shige da fice ya tambaye ka, ka gaya masa gaskiya.

Wata ɗaliba ta rubuto cewa ta ga talla a Facebook, inda ake gayyatar matasa Afirka ta Kudu na mako biyu domin shayar da marayun 'ya'yan zaki da bulumboti kafin a mayar da su daji. Ta ce shekara biyu tana tara kuɗi, kuma dillalin ya nemi ta biya duka cikin kwana uku ko a ba wani gurbin.

'Yata, ki riƙe kuɗinki tukuna, ki saurare ni da kyau, domin wannan magana ta daɗe tana ci mini rai. Abin da aka tallata miki yana da dukkan alamun gidan bogi, kuma gidajen bogi sun fi cin kasuwa a kan masu tausayi irinki.

Ki fara tambayar kanki daga ina marayun nan suke fitowa har ba sa yankewa duk tsawon shekara. Zakanya a daji takan haihu ne kusan sau ɗaya a shekara biyu. A gonakin kiwon zaki ana raba 'ya'ya da uwarsu suna 'yan kwanaki da haihuwa, domin uwar ta yi saurin sake ɗaukar ciki, domin kuma a sami ƙananan da baƙi za su rungume su ɗauki hoto. Jaririn da kika ɗora a cinya, yana jan bulumboti yana lumshe ido, uwarsa tana nan da ranta a wani keji a bayan gidan. Idan ya girma ya wuce runguma sai a sa shi yawo da masu buɗe ido, idan ya wuce wannan kuma sai a sayar da shi ga gonar da ake harbin zaki a cikin shinge, ko a yanka shi a fitar da ƙasusuwansa zuwa Asiya. A 2017 hukumomin Afirka ta Kudu sun amince a fitar da ƙwarangwal 800 na zakunan kiwo a shekara. Zakunan da ke kulle a gonakin ƙasar dubbai ne, sun fi waɗanda ke dazuzzukanta yawa. A watan Mayu na 2021 ministar muhalli ta lokacin, Barbara Creecy, ta sanar cewa gwamnati ta karɓi shawarar kwamitin ƙwararru na kawo ƙarshen wannan kiwo, wanda ya nuna miki cewa hukumar ƙasar da kanta ta san abin da ke gudana. Zakin da ya tashi a hannun mutum ya daina tsoron mutum, bai kuma koyi farauta a wurin uwarsa ba, saboda haka alkawarin mayar da shi daji magana ce ta jan hankalin mai biya.

Ba zaki kaɗai ake yi wa haka ba. A lardin Kancanaburi na Tailan akwai wani wurin ibada da ya yi suna da damisoshin Asiya masu ratsi-ratsi, baƙi suna biya suna shafa su, 'yan sa kai daga ƙasashe da yawa suna zuwa taimako da zuciya ɗaya. Da hukumar namun daji ta shiga wurin a 2016 ta kwashe damisa fiye da 130, ta kuma tarar da gawar 'ya'yan damisa 40 a cikin firiza. Haka batun giwaye yake: bayan da Tailan ta hana saran katako a dazuzzukanta a 1989, giwayen da ke jan gungume suka koma ɗaukar baƙi, kuma giwar da ta yarda a hau bayanta sai da aka karya mata zuciya da ɗauri da duka tun tana ƙarama. Wasu wuraren sun canja suna kawai zuwa gidan ceto, aikin kuwa yana nan yadda yake.

Gidan gaskiya yana da alamu sanannu. Ba ya kiwata namun daji domin su hayayyafa, ba ya saye ko sayar da su, ba ya barin baƙo ya taɓa su. Yana iya gaya miki asalin kowace dabba da inda take ƙarewa, yana da likitan dabbobi, yana kuma da rajistar da za ki iya dubawa a wurin hukumar ƙasar. Ki duba ko sunansa yana cikin jerin ƙungiyar Global Federation of Animal Sanctuaries, ko ta Pan African Sanctuary Alliance idan na birai ne a Afirka. Rashin suna a jerin bai isa ya mai da gida na bogi ba, domin ƙananan gidaje nagari da yawa ba su shiga ba, amma sai ki ƙara tambaya.

Sai batun kuɗin. Biyan masauki da abinci ba laifi ba ne, gidan agaji ba zai ciyar da ke da kuɗin maganin dabbobi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cinikin biri a sama da dillali. Ki rubuta wa gidan kai tsaye ki tambaye su ko sun san mutumin, da kuma nawa ne yake isa hannunsu daga abin da kika biya. Ki nemi a rarrabe miki kuɗin a rubuce, da sharaɗin mayarwa idan ba a ba ki biza ba. Kada ki tura ko sisi zuwa asusun mutum ɗaya. Wa'adin kwana ukun nan kuwa an sa shi ne domin a hana ki yin waɗannan tambayoyi.

Na taɓa yin wasu kwanaki a wani ƙaramin gidan karnuka da kyanwoyi a wata ƙasa. Ana farawa da asuba da kwashe kashi da wanke kejin da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, sai wanke kwanoni fiye da ƙirge, sai shanya barguna, kuma kafin rana ta take fatar hannu ta yi yaushi. A kwana na uku ne wata karya mai ƙafa uku, wadda ke ɓuya a lungu duk wanda ya shigo, ta taso da kanta ta shinshina takalmina. Aikin ke nan, 'yata, kuma idan shi kike so akwai gidajen da za su karɓe ki hannu biyu ba tare da kin zubar da tarin shekara biyu ba.

Wata uwa ta ce 'yarta za ta yi wata guda a gidan ceton karnukan titi a Asiya, kuma tun da ta ji labarin ciwon haukan kare barci ya ƙaurace mata.

Hajiya, damuwarki tana kan hanya, amma ki kwantar da hankalinki, domin wannan cuta tana da rigakafi mai inganci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan dukansu daga cizo ko yakushin kare ne. Da zarar alamunta sun bayyana da wuya a tsira, shi ya sa duk aikin yake kafin lokacin. Ta je asibiti makonni kafin tafiya a yi mata allurar rigakafi, wadda bisa shawarar hukumar ta 2018 sau biyu ake yin ta, ranar farko da rana ta 7. Idan kare ko kyanwa ya cije ta ko ya yakushe ta, ko ya lashi wurin da take da rauni, ta wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ta tafi asibiti a ranar, domin wanda aka yi wa rigakafi ma yana buƙatar ƙarin allura biyu. Ta sabunta allurar cutar sarƙewar haƙora idan ta kai shekara 10 da yin ta ƙarshe, ta tafi da katin allurar shawara idan ƙasar tana nema. Ku karanta takardar inshorar tafiya tare, layi-layi, domin wasu ba sa biyan raunin da aka samu wajen aiki da dabbobi. Ku kuma tambayi gidan wane asibiti ne mafi kusa da ke da allurar. Allah ya kai ta lafiya ya dawo miki da ita lafiya.

Wani matashi yana tambaya yadda zai ɓoye aku a jakar hannu ya dawo da shi tsaraba idan ya gama aikin sa kansa.

Ɗana, wannan tambaya ba ta dace da mai cewa yana son dabbobi ba. Aku mai launin toka ya shiga sahun farko na yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, tun taron 2016, cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe haramun ne, kuma abin da kake shiryawa fasa-ƙwauri ne da ke kai mutum kurkuku, tsuntsun kuma yakan mutu a hanya. Haka hauren giwa da ƙoƙon kunkurun teku, ko da an sassaƙa su an mai da su abin wuya. Ka bar maganar.

Ta ƙarshe daga wata malamar makaranta ce da ta ce tana son taimakawa amma tana tsoron karnuka tun ƙuruciya, tana tambaya ko akwai wurin da za ta dace.

Malama, akwai, kuma kada tsoron ya ba ki kunya. Gidajen jakuna da dawaki sun daɗe da kafuwa: Brooke ta fara ne da asibitin dawaki a Alƙahira a 1934, SPANA tana aiki a Arewacin Afirka tun 1923, The Donkey Sanctuary kuma tana Ingila tun 1969. Irin waɗannan ƙungiyoyi a ƙasashen waje sun fi dogara da ma'aikatansu na gida da likitoci, don haka ki tambaya tukuna ko suna ɗaukar baƙo. Gidajen da ke da karnuka ma galibi suna da ɓangaren kyanwoyi daban, da wanki, da ofis, da koyar da yara yadda ake kusantar dabba, wanda shi ne fagenki. Ki gaya musu tsoronki a wasiƙar farko domin su sa ki inda ya dace. Sayayyarki kuma ba ta wuce takalmin roba mai rufe ƙafa, da safar hannu mai kauri, da tsofaffin tufafi masu dogon hannu waɗanda ba za ki damu ba idan sun lalace.