Yayana ya rasu ya bar yara huɗu, ni ma ina da shida: ta ina zan fara?

Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Malam, kada ka yi gaggawar kwashe yaran. Uwarsu tana takaba wata huɗu da kwana goma, ƙananan su zauna wurinta, kai ka riƙa kai hatsi da kuɗin cefane.

Ku yi taron dangi a rubuta abin da ya bari, gona, bisashe, bashi, gaban shaidu biyu, sannan malami ya raba gado. Rabon marayu amana ce, kada ya shiga jarinka ko da niyyar juyawa. Nan ne rigima take tashi idan sun girma. Sunan ubansu za su ci gaba da amsawa. Ba za su ci gadonka ba muddin kana da ɗa namiji, amma kana iya yi musu wasiyya har sulusi.

Nemi takardar rasuwa da takardun haihuwarsu a ma'aikatar magajin garin Maradi. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, sai kotu ta yi masa, in ba haka ba jarrabawar lakwal za ta gagare shi. Ƴan ƙasa da shekara 5 a kai su CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, da katin rigakafi, kuma a karɓi maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro na damina.

Ka zauna da uwargida tun kafin su zo, domin ita za ta ɗauki nauyin yini. Kwano ɗaya, ɗinkin salla iri ɗaya. Yaron da ya koma fitsarin kwance ko ya daina magana, kewa ce, kada a doke shi.