Daga Kano zuwa Jidda: awa nawa ne a sama?

Ɗan'uwa, ka tambayi nisan Kano da Jidda, da dalilin da tikitinka ya nuna kusan awa bakwai. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz kimanin kilomita 3,400 ne. Jirgin da bai yada zango ba yakan yi awa huɗu da rabi zuwa biyar.

Abin da ya rikita ka agogo ne: Saudiyya na gabanmu da awa biyu, kuma tikiti lokacin can yake rubutawa wajen sauka. Sai ka cire biyun nan.

Amma fa da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Ka tambayi ejan ɗinka hanyar da jirginku zai bi.