Amsar Kaka: kafin ki shiga ɗakin dodon nan

Amaryata,

Saƙonki ya same ni a zaure bayan la'asar. Na karanta sau biyu, na biyun da tabarau. Kin ce ƙawayenki na jami'a a can Budafes ta ƙasar Hangari sun gayyace ki wani wasa: a rufe ku a ɗaki ku shida, a ba ku awa ɗaya ku kwance wasu ƙulle-ƙulle har ku gano mabuɗi, ga kuma wani da aka yi wa kwalliyar gawa an ɗaure shi da sarƙa a bango, jim kaɗan a sassauta sarƙar ya matso. Mamanki ta ce a'a, wasa da gawa ba al'adarmu ba ce, shi ne kike son ji daga bakina. Wato ƙarar 'yata kika kawo min. To, gyara zama.

Duk wanda ya ce miki Bahaushe bai san wasan tsoro ba, bai tashi a gidan da akwai tsohuwa ba. Mu muna yara, da an yi isha sai mu cika ɗakin kakarmu, a rage hasken aci-balbal, ta ce ga ta nan ga ta nanku. In ta zo inda Dodo yake bin yarinya sai ta kumbura murya, ta kai hannu ta cafke ƙafar na kusa da ita. Ihu har maƙwabta. Wani ƙanena sai da aka yi ta shanya tabarmarsa, amma gobe shi ne na farko a bakin ƙofa. Kafin tatsuniya kuma akwai kacici-kacici, in an ɗaure ka ka kasa sai ka ba da gari, a cinye maka Kano ko Katsina kafin a faɗa maka amsa. Ga tashe, da azumi ya kai goma yara su shafa baƙin tukunya, su manna gemun auduga, su bi gida-gida. Haɗa Dodo da kacici-kacici ki zuba su ɗaki guda ki sa agogo, ai wasanku ke nan. Abin da aka ƙara shi ne kuɗin shiga. Kakarmu ba ta taɓa karɓar ko anini ba.

Shi wannan salo na ɗaki kuwa ko ke kin girme shi. A 2007 wani Takao Kato ya fara shirya shi a Kiyoto ta Japan, daga wasannin kwamfuta ya kwaso dabarar. Garin da kike ya karɓa a 2011, suka yi ta mai da ɗakunan ƙarƙashin tsofaffin gidaje wuraren wasa, har ya yi suna da abin.

Amma mamanki ba ta yi magana a banza ba. Dodo daban, gawa daban. Dodo ba ɗan kowa ba ne, ba wanda ya yi masa takaba. Gawa kuwa uwar wani ce, ɗan wani ne. Kin ga yadda ake yi in an fito da makara a unguwarmu: mai shayi ya kashe rediyo, mai babur ya sauka, hira ta mutu har a wuce. An hana mu nuna kabari da yatsa, balle dariya a maƙabarta. Muna gaggauta sutura, wanda ya rasu da safe da wuya ya kai la'asar a gida. Kuma ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da jana'iza, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne? Wanda ya tashi a kan wannan, in ya ji an ce gawa tana bin mutane ana shewa, dole gabansa ya faɗi.

Sai dai ni da na shekara talatin ina koyar da tarihi, wannan gawa mai tafiya da kuke kira zombi ba tsoro yake ba ni ba, tausayi yake ba ni. Asalinsa ƙasar Haiti ne. Faransa ta cika ƙasar da bayi daga Afirka, har da Hausawa 'yan kaɗan a cikinsu, suna noman rake ana kashe su da aiki, kafin su yi bore a 1791 su karɓi ƙasarsu a 1804. Bayin nan sun yi imani cewa mutuwa ce za ta mai da kurwarsu gida Afirka, wadda suke kira Gine. Abin da suka fi tsoro shi ne boka ya tono mutum bayan an binne shi, ya riƙe kurwarsa, ya tura gangar jikin gona ta ci gaba da bauta, ba magana, ba tunani. Bawan da ko mutuwa ba ta 'yanta shi ba. Suna cewa ba a ba shi gishiri, don in ya ɗanɗana hankalinsa zai dawo ya gane abin da aka yi masa. Ki lura yadda ya yi kama da zancen maye da kurwa a wajenmu, inda ake cewa an kama kurwar mutum an bar jikin yana ramewa. Sojojin Amurka sun mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, labarin ya bi su gida, masu fim suka ɗauka. Mai cin naman mutane da kuka sani kuwa, fim ɗin George Romero na 1968 ne ya haife shi. Wanda za a ɗaure muku a bango jikan wancan fim ne, wani ɗan Hangari ne da ya sha fenti yana neman na abinci. Sarƙar ce kawai ta rage masa daga gadon kakanninsa.

Don haka a ganina ba gawar kowa ake wulaƙantawa ba, ke kuma kin san matacce ba ya tashi sai ranar tashin alƙiyama. Fatawa ba tawa ba ce, ta malamai ce, al'ada kika tambaye ni. In kin ga an sa likkafani ko makara ko wani abu na addinin kowa ana yi masa ba'a, ɗauki jakarki. In ƙa'idarsu ita ce dodon ya taɓa mutum, ki ce ke ban da ke, su kan yarda. Kada awa ɗayan nan ta cinye miki magariba. Kuma kada ku ja wata ƙawa da ba ta so, ko ku ɓoye mata abin da ke ciki don ku sha dariya. An hana Musulmi ya firgita ɗan'uwansa ko da wasa ne. Ke da kika biya kuɗi da kanki don a tsorata ki, wannan tsakaninki da aljihunki.

Abin da ya hana ni barci ba dodon ba ne, ƙofar ce. Ranar 4 ga Janairun 2019, a garin Koszalin na ƙasar Polan, 'yan mata biyar masu shekara 15 sun je irin wannan wasa don murnar zagayowar ranar haihuwar ɗayarsu. Iskar gas ta tsiyaya, wuta ta tashi a ɗakin da ke kusa, su kuma suna kulle, babu wata mafita ta biyu. Hayaƙi ya kashe su duka. Bayan nan hukuma ta bi wuraren tana rufewa. Ku kuma naku wataƙila a ƙarƙashin ƙasa yake. Kafin ki biya ko sisi, ki sa mai wurin ya nuna miki yadda ake buɗe ƙofar daga ciki ba tare da an ci wasan ba, ki murɗa da hannunki ki gani. Ki tambaya ko akwai mai kallonku ta kyamara daga farko har ƙarshe, da kalmar da za ki faɗa a tsai da komai. In ya fara kame-kame, ku tafi ku sha shayi.

Maganar mamanki kuma, kada ki je a ɓoye. Zan kira ta bayan isha in tuna mata wadda ta riƙa ɓuya bayan randa in 'yan tashe sun shigo. In ta amince ki je, in ta ƙi ki haƙura, Budafes ba ta rasa wajen zuwa ba. In kin je kuma dodon ya kama ki tun minti goma bai cika ba, ki faɗa min gaskiya, zan ji a bakin ƙawayenki. Kakarki tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko yajin da aka aika miki ya ƙare.

Naki,
Angonki na zaure