Ina son zuwa bitar malaman tarihi ta dogon hutu a Amurka, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin Tarihi ne a wata makarantar sakandare ta gwamnati, shekarata 9 ina koyarwa. Wani abokina ya turo mini sanarwar bitar da ake yi wa malaman tarihi a Amurka lokacin dogon hutunsu, ta wata hukuma mai suna NEH, har da kuɗin guzuri. Shin zan iya nema? In zan iya, me zan rubuta har a ɗauke ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba, don kada ka ɓata lokacinka: wannan bitar ba taka ba ce. NEH hukumar gwamnatin Amurka ce mai tallafa wa nazarin tarihi da adabi da makamantansu, wadda aka kafa a 1965, kuma bitocin da take ɗaukar nauyi an ware su ga 'yan ƙasar da baƙin da suka shekara aƙalla 3 suna zaune a can. Baƙon da ke koyarwa a ƙasarsa ba ya cikin lissafi, komai kyan takardarsa. Ɗan'uwa Bahaushe da ke koyarwa a New York ko Chicago zai iya nema, kuma a al'ada farkon Maris ake rufe karɓar takardu. Shi ma sai ya tabbatar shirin yana nan, domin a Afrilun 2025 an soke ɗimbin tallafin hukumar, bitoci da dama suka rushe bayan an riga an zaɓi mahalarta.

Taka ƙofar ita ce shirin SUSI na malaman sakandare, wato bitar nazarin ƙasar Amurka, wanda Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ke gudanarwa domin malaman wasu ƙasashe. Mako 5 ne a tsakanin Yuni da Yuli: kusan mako 4 ana karatu a cibiyar da ke karɓar baƙuncin shirin, sauran kwanakin a zaga da ku wuraren tarihi. Jami'ar Montana da wata cibiya a garin Amherst na jihar Massachusetts suna cikin waɗanda suka sha karɓar baƙuncinsa. Kowane rukuni mutum 20 ne daga ƙasashe daban-daban, ka ga ke nan gurbin da zai faɗo wa ƙasa ɗaya bai taka kara ya karya ba. Masu shirin ne ke biyan kuɗin jirgi da masauki da abinci. Ba a tafiya da iyali, kuma sharaɗi ne a dawo gida da an kammala. An fi son malamin da ya yi nisa a aiki amma da sauran shekaru a gabansa, mai jin Turanci sosai, wanda bai taɓa zama a Amurka ba. Shekara 9 a aji ta sa ka cikin sahu. Akwai kuma Fulbright TEA, wani shirin horar da malaman sakandare a Amurka na mako 6, sai dai shi a tsakiyar zangon karatu yake faɗowa, kuma ana yin jarrabawar Turanci.

Abin da ke kayar da malamai da yawa tun ba a kai ga rubutu ba shi ne lokaci. Bitar da ake yi da damina, tun da hunturu ake nemanta. Ofishin jakadancin Amurka kan fitar da sanarwa wajen ƙarshen shekara, a rufe cikin 'yan makonni, ofishin ya tace ya aika sunayen da ya zaɓa Washington, can ake yanke hukuncin ƙarshe. Wanda ya fara cigiya a watan Mayu ya riga ya makara. Don haka tun Oktoba ka riƙa leƙa shafin ofishin jakadancin, fasfonka yana hannu da sauran wa'adi mai tsawo. Ka kuma tambayi ofishin kai tsaye ko ƙasarka tana cikin shirin a wannan shekarar, domin tun 2025 Amurka ta tsaurara dokokin biza a kan ƙasashen Afirka da dama. Neman kyauta ne. Duk wanda ya ce ka biya shi ya sama maka gurbi, ɗan damfara ne.

Ga wani abu da ba a cika tunawa da shi ba. Yuni da Yuli hutu ne a Amurka, amma a wurinmu zango na 3 ne, lokacin jarrabawar ƙarin aji. Ka zauna da shugaban makarantarku tun kafin ka cike fom, ku yi maganar wanda zai riƙe maka azuzuwanka, ka kuma san hanyar samun izini a rubuce daga ma'aikatar ilimi. Malami ya samu gurbi sannan izini ya gagara, wannan asara ce mai ciwo.

Yanzu ga inda ake ci ko a faɗi, wato ɗan bayanin da za ka rubuta game da kanka. Masu tantancewa suna karanta takardu tuli, kuma yawancinsu abu ɗaya suke faɗa: ina ƙaunar tarihi tun ina yaro, ina son faɗaɗa ilimina, ina son ganin al'adun wasu. Duk gaskiya ne, amma ba su bambanta ka da kowa ba. Tambayar da ke zuciyar mai karantawa guda ce: in muka kashe kuɗi a kan wannan malamin, me zai sauya a ajinsa idan ya koma? Ita za ka amsa, da sunan darasi, da ajin da kake koyar da shi, da yawan ɗalibanka na gaskiya, da matsalar da kake fama da ita.

Bari in ba ka misali. A ce kana koyar da cinikin bayi, ɗalibanka suna haddace shekaru amma abin bai taɓa zuciyarsu ba. Sai ka rubuta cewa kana son gina darasi a kan Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Amurkawa suka sani da Nicholas Said: haifaffen Kukawa a Borno, aka kama shi yana yaro aka ƙetara Sahara da shi, ya bi ta Tarabulus da Istanbul da Rasha, daga ƙarshe a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a yaƙin basasar Amurka. Ka ce kana son koyon yadda malamansu ke sa yara su karanta takardun asali su yi musu tambayoyi, don ka yi haka da labarin wannan mutumin. In kana haɗawa da darasin Gwamnati, tsarin mulkin 1979 da ya kawo mana shugaba mai cikakken iko irin na Amurka shi ma ƙofa ce mai kyau. Wanda ya karanta irin wannan ya san ya haɗu da malamin da ya yi tunani, kuma akwai abin da zai ƙaru da shi a zauren, ba karɓa kaɗai zai je yi ba.

Kada ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka. Cewa za ka gyara koyar da tarihi a faɗin Najeriya ba ya burge kowa. Cewa za ka tara malaman tarihi na makarantun ƙaramar hukumarku ranar wata Asabar ka nuna musu darasi 2 da ka tsara, wannan ana iya gaskatawa. Ka ambaci abin da ka riga ka yi ba tare da tallafin kowa ba: kai ɗalibai gidan tarihi, ko tura su su ɗauko labari daga bakin kakanninsu. Kuma ka rubuta da kanka. Turancinka mai sauƙi ya fi na aro ko na na'ura, domin in ka tsallake za a kira ka ganawa, a nan kuwa za a ji ko mai bakin shi ne mai alƙalamin. In aka nemi takardar shaida, ka ba wanda ya taɓa ganin ka a gaban allo, ka ba shi isasshen lokaci, ka kuma nuna masa abin da ka rubuta don maganarku ta zo ɗaya.

Ina roƙonka kada ka jingine dogon hutunka a kan wannan ƙofa ɗaya. An cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, yara suka taso ba su san Rabeh ko Nana Asma'u ba, kuma da aka dawo da shi sai aka tarar malaman sun yi ƙaranci. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da horar da malamai 3,700, wato 100 daga kowace jiha da Abuja. Irin wannan horon ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ma'aikatar ilimi sunaye ke bi, saboda haka ka sa a san da kai a can. Ka shiga Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya, wadda aka kafa a Ibadan a 1955, ka riƙa halartar taronta. Ka ware mako guda a watan Agusta ka je Arewa House a Kaduna, ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke garin, ko Gidan Makama a Kano, ko cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, ka fito da takarda ɗaya ta asali da za ka karanta da ɗalibanka a zangon farko. In sanarwar SUSI ta fito a ƙarshen shekara, wannan darasin ne zai zama sakin layin farko na takardarka. Allah ya ba da sa'a, Malam.